Tashin kwamfuta da manhajar tsaro

Tashin kwamfuta shi ne jerin ayyukan da kwamfuta ke yi tun daga lokacin da aka danna maɓallin kunnawa har zuwa lokacin da ta shirya karɓar umarni. Tsawon wannan lokaci ya dogara ne da irin ma'adanar bayanan da ke cikinta, da girman ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, da kuma yawan manhajojin da ke tashi tare da ita. Manhajar tsaro, wadda aka fi sani da antibairos, tana cikin waɗanda suka fi tasiri a kan wannan lokaci, domin an tsara ta ne ta riga sauran manhajoji tashi, sannan ta duba duk fayil ɗin da za a buɗe. A kwamfuta ta zamani jinkirin da take kawowa kaɗan ne, amma a tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi yana iya kaiwa mintuna.

## Asalin kalma

Masu gyaran kwamfuta a arewacin Najeriya kan ce "butin", kalmar da aka aro daga Turanci. Asalinta sunan ɗan madaurin da ke bayan dogon takalmi ne, kuma ta fito daga wani karin maganar Turawa game da mutum ya ɗaga kansa sama ta hanyar jan madaurin takalminsa. An yi wannan kwatance ne saboda kwamfuta na buƙatar manhaja kafin ta iya ɗauko wata manhajar. A Hausa kuwa, an faɗaɗa ma'anar aikatau *tashi*, wanda dama ake amfani da shi ga mota da injin niƙa, aka ce "kwamfuta ta tashi" ko "ta ƙi tashi". Haka kuma akan ce "ta yi nauyi" idan tana jinkiri.

## Matakan tashi

Kwamfuta mai babbar manhajar Windows tana bin waɗannan matakai:

1. Ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin allon na'ura, wato BIOS ko magajinsa UEFI, tana farkawa ta gwada RAM, firosesa da sauran sassa.
2. Tana neman ma'adanar da ke ɗauke da babbar manhaja, ta miƙa ragama ga manhajar da ke ɗauko ta.
3. Ana ɗora zuciyar babbar manhaja a kan RAM, tare da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta iya magana da sassan na'ura.
4. Ayyukan bayan fage suna tashi, sai shafin shigar da kalmar sirri ya bayyana.
5. Bayan an shiga, manhajojin da aka ba izinin tashi da kansu suna buɗewa.

Sau da yawa mai amfani yakan ga fuskar kwamfuta ta fito, amma ya danna abu ya ƙi buɗewa. Wannan na nufin mataki na biyar bai kammala ba.

## Bambancin kashewa da sake kunnawa

Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin Fast Startup. A wannan tsari, idan aka kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace, ba a rufe zuciyar babbar manhaja gaba ɗaya. Ana adana halin da take ciki a wani fayil mai suna hiberfil.sys, a ɗauko shi a kunnawa ta gaba. Umarnin sake kunnawa kuwa yana rufe komai, ya fara daga tushe. Shi ya sa sake kunnawa kan fi kashewa da kunnawa ɗaukar lokaci, kuma shi ya sa yake warware matsalolin da kashewa ba ta warwarewa. Idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu ba shiri, ba a samun damar rubuta wancan fayil, don haka tashi na gaba cikakke ne, kuma wani lokaci Windows kan tsaya ta binciki lafiyar ma'adana kafin ta ci gaba.

## Dalilin da ya sa manhajar tsaro ke riga tashi

A farkon tarihin bairos, lokacin tashi ne aka fi kai wa hari. Bairos ɗin Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, yana ɓuya ne a sashen faifan da kwamfuta ke fara karantawa. Duk manhajar da ta riga tashi tana iya ɓoye kanta daga wadda ta biyo baya. Saboda haka masu ƙera manhajar tsaro suka mayar da hankali wajen ganin tasu ce ta farko.

A Windows 8 an ƙara wani tsari mai suna ELAM, wanda ke ba direban antibairos damar tashi kafin direbobin wasu kamfanoni, ya tantance su ɗaya bayan ɗaya. A wannan fitowar ce kuma Windows Defender ya zama cikakken antibairos da ke zuwa tare da babbar manhaja. Windows 11 ta 2021 ta ƙara sharaɗin cewa na'ura ta kasance tana da UEFI mai iya tantance sa hannun manhajar tashi, da guntun tsaro na TPM 2.0.

## Yadda take rage gudu

Manhajar tsaro na cin ƙarfin kwamfuta ta hanyoyi huɗu:

* Gadi na kowane lokaci. Tana tsayawa tsakanin manhajoji da ma'adana, ta duba fayil kafin a buɗe shi ko bayan an rubuta shi. A lokacin tashi ana buɗe dubban ƙananan fayiloli, kuma kowanne sai ya bi ta wannan ƙofa.
* Ɗora rumbun alamomi. Jerin alamomin da take gane bairos da su yana zama a RAM. Idan RAM ta cika, Windows kan koma amfani da ma'adana a madadinta, wadda ba ta kai ta sauri ba ko kusa.
* Sabuntawa. Da zarar an samu intanet takan fara sauko da sababbin alamomi.
* Binciken da aka tsara wa lokaci. Idan lokacinsa ya wuce kwamfuta na kashe, wasu manhajojin kan rama shi bayan an kunna. Microsoft Defender ya saba taƙaita irin wannan bincike ga kimanin kashi 50 cikin ɗari na ƙarfin firosesa.

Girman jinkirin ya fi dogara da ma'adana. Tsohuwar ma'adana ta HDD faifai ne mai juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai yawo tana neman bayanai. Tana iya biyan buƙata kusan ɗari a sakan ɗaya idan fayilolin a warwatse suke. SSD ba ta da abin da ke motsi, kuma tana biyan dubbai a sakan. Don haka antibairos ɗaya zai iya wucewa ba a ji shi ba a kwamfuta mai SSD, ya kuma durƙusar da mai HDD.

Cibiyoyi masu zaman kansu irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya suna auna nauyin manhajojin tsaro a kai a kai, ta hanyar kwafar fayiloli, girka manhajoji da buɗe shafukan intanet.

## Lokutan da ta hana tashi

Ikon da manhajar tsaro ke da shi a zuciyar babbar manhaja yana nufin kuskurenta na iya tsayar da na'ura baki ɗaya. A ranar 21 ga Afrilu, 2010, wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki svchost.exe, wani muhimmin fayil na Windows XP, a matsayin bairos, lamarin da ya sa kwamfutoci da dama suka riƙa mutuwa suna sake tashi ba ƙaƙƙautawa. A ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawar manhajar Falcon ta kamfanin CrowdStrike na Amurka ta shafi na'urori kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. An soke tashin jirage, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da yawa, kuma sai da ma'aikata suka bi kwamfutoci da dama ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.

## A Najeriya

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da masu shagunan buga takardu ke amfani da su na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su ta kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas. Da yawansu suna da HDD da RAM mai gigabait 4 ko ƙasa da haka, wato irin na'urar da ta fi jin nauyin antibairos.

Ɗaukewar wutar lantarki na ƙara tsananta lamarin, domin kwamfutar tebur da ba ta da UPS tana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka sauya zuwa janareto. Ko a masarautar Yauri ta jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, kuma take gaɓar tafkin da madatsar Kainji ta samar a 1968, kusanci da madatsar bai hana yankewar wuta ba, saboda wutar da ake samarwa tana shiga babban layin ƙasa ne kafin a rarraba ta. Mai shago a Yelwa ko Wara da kwamfutarsa ke mutuwa sau da yawa a yini yana biyan kuɗin cikakken tashi a kowane karo, ga man janareto na ƙonewa, ga masu jira. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka su ma kan sa firosesa ya rage gudunsa don kada ya ƙone, abin da ake yawan ɗora wa antibairos laifinsa.

Batun ya shafi jarrabawa ma. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015, don haka kwamfutar da ta mutu ana cikin jarrabawa tana tsayar da ɗalibi har sai ta tashi.

Saboda nauyin, wasu kan cire antibairos gaba ɗaya. Wannan na da haɗari a shagunan da ake soka filas ɗin mutane daban-daban a na'ura ɗaya, inda bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi ke yaɗuwa. Wasu kuma kan girka antibairos biyu ko uku, ko na sata wanda ba ya sabuntawa, su ɗauki nauyin ba tare da samun kariyar ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wanda ke nufin tsofaffin na'urori sun fi buƙatar kulawa.

## Aunawa da rage jinkiri

A cikin Task Manager akwai shafin da ke nuna manhajojin da ke tashi da kansu. Windows na sanya manhaja a rukunin masu babban tasiri idan ta ci fiye da sakan ɗaya na lokacin firosesa ko fiye da megabait 3 na aikin ma'adana. Matakan da aka fi ba da shawara su ne:

* sauya HDD da SSD, wanda shi ne ya fi kawo canji;
* ƙara RAM;
* barin antibairos ɗaya kacal mai gadi na kowane lokaci, domin Defender kan janye da kansa idan aka girka wani;
* hana manhajojin da ba a buƙata tashi da kansu;
* mayar da cikakken bincike zuwa lokacin da ba a aiki;
* amfani da UPS ko kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir, da share ƙurar fanka.

## Duba kuma

* Bairos na kwamfuta
* Babbar manhaja
* Tsaron intanet
* Madatsar ruwa ta Kainji