Busasshen Ƙwaro: Yadda Dabara Ta Zama Doka a Kogunan Alli

A kudancin Ingila akwai koguna da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, mafi shahara a cikinsu su ne Test da Itchen na yankin Hampshire. Allin yakan tace ruwan sama kafin ya fito, don haka ruwan garau yake, sanyinsa kuma bai cika sauyawa ba. Ciyayi kan yi yabanya, ƙwari su hayayyafa, kifin turawut ya yi ƙiba. Sai dai a nan karin maganar "kifi na ganinka mai jar koma" takan tabbata a zahiri, domin inuwar mai fatsa kaɗai ta isa ta kori kifin. Wannan matsala ce ta haifi dabarar da nake son bibiyar tarihinta.

Dabarar ita ce a ɗaura gashin tsuntsu da zaren siliki a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro mai fiffike, a kaɗa igiyar a iska ta bushe, sannan a jefa ta sama da inda aka ga kifi yana tasowa, ruwa ya kawo masa ita tana shawagi. An san wannan hanya kafin Frederic Halford, amma shi ya tsara ta. A 1879 ya haɗu da George Marryat a garin Winchester, suka duƙufa nazarin ƙwarin kogi. Littattafansa na 1886 da 1889 suka zama madogarar masu fatsa.

Daga nan dabara ta fara rikiɗa. Gaɓar waɗannan koguna mallakar attajirai ce da ƙungiyoyi irin su Houghton, wadda aka kafa a 1822. A wurinsu busasshen ƙwaro ya zama alamar dattaku, duk wanda ya nutsar da ƙugiyarsa kuwa ana yi masa kallon marar tarbiyya.

Wanda ya ƙalubalanci wannan shi ne George Skues, wani lauya daga Landan da ya fara fatsa a Abbots Barton, kan kogin Itchen, a 1883. Ya lura cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana cin ƙwaro a saman ruwa, 'ya'yan ƙwarin da ba su yi fiffike ba yake cafkewa a ƙasa kaɗan. Ya binciki cikin kifayen da ya kama, gani ya kori ji. A littafinsa na 1910 ya ba da shawarar a kwaikwayi waɗannan 'ya'yan ƙwari, a jefa wa kifin da aka gani. Abin mamaki, Halford ma ya san su ne mafi yawan abincin kifin, amma ya ƙi amincewa da hanyar har ya rasu a 1914.

Almajiransa sun fi shi tsanani. A 1938 aka yi muhawara a ƙungiyar masu fatsa ta Landan, mafi yawan masu magana suka yi wa Skues taron dangi. A shekarar ce, yana da kimanin shekara 80, ya bar kogin da ya yi sama da shekara 50 a bakinsa, ya koma kogin Nadder. Ya kare matsayinsa a littafin 1939, ya rasu a 1949.

A ganina, Halford da Skues makaranta ɗaya suka yi, wato zama a bakin ruwa da sa ido. Magadan Halford sun riƙe hukuncin da ya yanke, suka saki binciken da ya kai shi ga hukuncin, shi ya sa suka ƙuntata wa mutumin da ya fi su kama da malaminsu. Tarihi ya wanke Skues: Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon, ya faɗaɗa hanyarsa a littafin 1958, ta bazu a duniya. Duk da haka, har yau akwai sassan kogin Test da ba a yarda da komai ba a farkon kakar fatsa sai busasshen ƙwaro.