Garmaho Mai Miƙaƙƙen Hannu: Ya Zo Kasuwa Ta Watse

Faifai ba baƙuwar kalma ba ce a Hausa. Tun kafin zuwan Turawa mata ke saƙa shi da kaba suna rufe ƙwarya. Da garmaho ya iso, sai Bahaushe ya dubi baƙin abin nan kewayayye ya ara masa sunan.

Faifan farko juyi 78 yake yi a minti, kowane gefe bai wuce kamar minti uku ba. To, mawaƙi irin Alhaji Mamman Shata, wanda kan raba dare yana waƙa, ina minti uku za su kai shi? Sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, mai ɗaukar wajen minti ashirin. A irinsa ne kamfanin EMI ya buga waƙoƙin Shata. Bayan kuɗin Udoji na 1975 kuwa, ɗan albashi a Kano ya sami halin ajiye garmaho a ɗaki.

Amma garmaho yana da aibi tun asali. Sa'ad da ake yanka faifai, allurar yankan miƙe take tafiya daga baki zuwa tsakiya. Shi kuwa hannun garmaho a gefe guda aka kafe shi, saboda haka lanƙwasa yake yi kamar lauje. Watau allurar ba ta zama daidai cikin layin sai a wuri biyu kacal, wannan na daga cikin abin da ke sa murya ta daƙushe idan an kusa ƙarshen gefe. Maganin shi ne a sa hannun ya bi sanda a miƙe, ƙaramin inji na tura shi. Kamfanin Bang & Olufsen na Danmak ya yi haka a 1972 da Beogram 4000, sannan Technics na Japan ya kawo SL-10 a 1979.

Wannan na biyun shi na sani, domin kawuna a nan Dorayi, tsohon ma'aikacin masaƙa a Sharaɗa, yana da shi, na hannu ya saya. Faɗinsa bai wuce kwalin faifai ba. Hannun a jikin murfi yake, ba ya kiɗa sai an rufe. A ganina wannan ne babban amfaninsa a garin da hunturu ke cika ɗaki da ƙura, balle yara masu son taɓa allura. Sai dai fa akwai shagwaɓa. Man da ke jikin sandar yakan daskare, ɗan bel ɗin ya saki, hannun ya cije a tsakiyar waƙa. Ba ya kuma karanta tsohon faifai mai juyi 78.

Ina ganin abin da ya hana irinsa yaɗuwa shi ne lokaci. Kafin ya iso, kaset ya ci kasuwa: ga araha, ga aiki da batir ko NEPA ta ɗauke wuta, ga shi kowa na iya kwafa. Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar Naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa, masu albashin da za su saya suka koma neman na tuwo.

Fayafayan dai suna nan jibge a ƙarƙashin gadaje, zafi na tanƙwara su, kuma duk wanda aka ɗora wa dakusasshiyar allura sai ta ƙara kankare shi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Mu ɗaliban Hausa kuwa muna nazarin waƙoƙinsu daga kwafin kwafi a waya, inda sau da yawa an yanke farkon waƙar, ba a kuma rubuta shekarar da aka ɗauke ta ba.