Amsar Wasiƙa: Louis Armstrong da Jan Faifai

Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa yana tambaya: wane faifan Louis Armstrong zai saya, kuma shin jan faifai ya fi baƙi sauti?

To Malam, Armstrong baƙar fatan Amurka ne, gwanin busa kakakin Turawa a kiɗan jaz. An haife shi a 1901, ya ziyarci Akara a 1956, ya rasu a 1971. Fara neman West End Blues na 1928, lokacin yana kan ganiyarsa. Asalinsa a baƙin faifan garmaho ya fito, don haka mai launi sabon bugu ne.

Launi ado ne kawai, sauti yana ga kyawun ɗauka da bugu. Kada ka ƙara ko sisi saboda ja. A ɗora allura ka ji tukuna. Da fatan ka gamsu.