Nisan jirgin sama tsakanin Singafo da New York

Tazarar da ke tsakanin Singafo, a kudu maso gabashin Asiya, da birnin New York na Amurka ta kai kimanin kilomita 15,350 ta hanya mafi kusa a kan kewayen duniya, wadda ke ratsawa kusa da ƙuryar Arewa. Kamfanin Singapore Airlines ne ke wannan zirga-zirga ba tare da ya da zango ba, kuma tafiyar kan ci sa'o'i 18 zuwa 19.

An fara ta a 2004 zuwa filin jirgi na Newark, kusa da New York, da jirgi samfurin Airbus A340-500, aka dakatar a 2013 saboda tsadar mai, sannan aka dawo da ita a 2018 da A350-900ULR. A 2020 aka ƙara da filin jirgi na JFK da ke New York.

Sai dai matuƙa ba kullum suke bin gajeriyar hanyar ba. Iska ce ke da ta cewa: wani lokaci su bi ta saman tekun Fasifik, wani lokaci ta Atilantika, ko da nisan ya ƙaru. Kujeru 161 kacal ke cikin jirgin, don a rage nauyi man ya isa.