Ruwa, Ƙura da Sauro: Tarihin Binciken Duniya a Karkarar Kano

Wanda ya baro Kano ya kama hanyar Katsina, da ya wuce Bichi sai ya faɗa ƙasar Tsanyawa. Ba zai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 150 a filin da bai cika murabba'in kilomita 500 ba, wato fiye da mutum 300 a kowane murabba'i. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar, shi ya sa mai haƙa rijiya kan yi gaba biyu, gaba uku, bai tarar da ruwa ba. Kusan shekara 90 ke nan masana daga Ingila da Faransa da Amurka suna zuwa karkarar Kano da tambayoyi uku: yaya ƙasa irin wannan take ciyar da jama'arta, me ke kashe 'ya'yanta, kuma laifin wa ne idan ruwa ya ɗauke? Fitattun binciken a maƙwabta aka yi su, Garki da Malumfashi da Tumbau, amma amsoshin na Tsanyawa ne, domin damina ɗaya ce, cututtukan ma ɗaya.

Tun 1905 Turawa suka fara rubuta yawan ruwan saman Kano. Ba a daɗe ba aka yi farin 1913, ya haifar da yunwar da kakanni suka laƙaba wa suna Kakalaba. Zargin manomi kuwa ya samu gindin zama ne a 1935, lokacin da wani masanin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na tunkaro arewacin Najeriya, kuma sassabe da kiwo ne ke share mata hanya. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya kan iyaka a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamadar da ke tahowa ba. Rahotonsa ya kwanta a ofis, maganar Stebbing kuwa ta yi ta yawo.

A 1962 wani matashin malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa nazari a 1965 kan cunkoson jama'a a gonakin da ke kewaye da Kano. Abin da suka rubuta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙauye: gona ba ta hutawa, amma ba ta mutu ba, saboda kowane rani ana kai mata taki a mangala bisa jaki, ana tara tokar murhu da sharar gida, ana ɗaure awaki da tumaki a gida a ba su harawa, kashinsu ya koma gona. Sabon abu shi ne an auna, an rubuta, ya shiga hannun masu tsara manufa.

Likitoci ma suna nasu aikin, sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a Afirka, ya lura cewa iyakokinsa suna bin yawan ruwan sama, tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara. Kano na tsakiyar wannan ɗamara. A Zariya, cikin shekarun 1970, Brian Greenwood da abokan aikinsa suka bi diddigin cutar, suka ga tana tashi idan iska ta bushe, zafi ya tsananta, sannan ta lafa da saukar ruwan farko.

Aikin da ya fi kowanne girma shi ne na Garki, wadda a lokacin tana cikin jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gwada ko za a iya katse zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan savana. Aka ƙidaya mutane gida-gida, aka riƙa ɗibar jini a kai a kai, wasu ma'aikata suka kwana suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum don a san cizo nawa ake sha a dare. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa. Cutar ta ja baya ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma ba ta yanke ba. Wani kaso na sauron ba ya hutawa a bango bayan ya yi cizo, waje yake fita, kuma kowane ɗan tsako na ruwan damina, har sawun kofaton shanu, gidan haihuwa ne a gare shi. Da aka daina feshin sai zazzaɓin ya koma inda yake. Littafin da Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar a 1980 har yau masu lissafin yaɗuwar cutar a duniya suna jingina da alƙalumansa. Ina ganin ya kamata kowane ɗalibin kiwon lafiya a Kano ya san cewa da jinin mutanen ƙauyukan nan aka gina wannan ilimi.

Ana cikin aikin Garki fari ya sauka. Daga 1972 zuwa 1974 damina ta gaza a faɗin Sahel. Rumbuna suka ƙare, aka sayar da dabbobi a wulaƙance, magidanta suka tafi ci-rani tun kafin kaka, gyaɗar da ta yi wa Kano dala ta durƙushe, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa ta. A wannan shekarar ce masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin da ya karɓu nan da nan: idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, sai ta mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Ma'ana, makiyayi da manomi su suka kori ruwansu da hannunsu. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya tafi a kan wannan fahimta.

Gwamnatin Kano ta amsa da madatsun ruwa. Tun zamanin Audu Bako aka gina Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, sannan Tomas a wajen Dambatta, Watari a Bagwai, da Gari a wajen Kunci, biyun ƙarshe duk maƙwabtan Tsanyawa. Noman rani ya samu, tumatir da albasa da shinkafa suka shigo inda da sai zaman jiran damina. Amma ruwan da ya kwanta yana da nasa baƙi. A Malumfashi, masu bincike na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, ƙarƙashin Herbert Gilles, tare da Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi shekaru suna nazarin tsargiya. A madatsar Ruwan Sanyi sun zauna bakin ruwa suna rubuta wa ya shiga, me ya je yi, tsawon wane lokaci ya ɗauka. Suka gano yara maza da samari masu iyo da wanka su ne suka fi ɗaukar cutar, su ne kuma suka fi mayar da ita ruwa, inda dodon koɗi ke rainon ƙwayar har ta sake huda fatar wani. A ƙauyuka da yawa yaro ya yi fitsarin jini ba a ɗauke shi ciwo ba, an ɗauka girma ne ya zo. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, nazarin da Edward Barbier da William Adams suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna ruwan da aka tare a sama ya fi kawo amfani idan aka bar shi ya malala ga masunta da makiyaya da manoman fadama. Wanda ya zana dam injiniya ne. Likita da masunci sai bayan an gama aka ji ta bakinsu.

Mortimore, wanda ya koma Jami'ar Bayero a 1979, bai gamsu da zargin manomi ba. Ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, ya ga farin 1973 da na 1984 a idon mutanen wurin, ya fitar da littafinsa kan yadda manoma ke jure fari a 1989. Shi da abokan aikinsa suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban, suka ƙirga bishiyoyin gonakin Kano. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon a 1990: duk da fari, duk da itacen girkin da birni ke ci, bishiyoyin gona ba su ragu ba. Manomi ba ya sare gawon da ke zubar masa da ganye da damina, yana ciyar da akuyarsa da rani. A Tumbau, Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, ta samu wake da gyaɗa da takin dabbobi ne ke riƙe da ƙarfin ƙasar, har ƙurar hunturu na ƙara mata sinadari. Wannan ƙura, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ita ce dai ke busar da hanci da maƙogwaro gab da lokacin sanƙarau.

Wanke manomi daga laifin farin ya zo ne daga masu nazarin teku. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa daminar Sahel na bin bambancin ɗumin tekuna tsakanin arewacin duniya da kudancinta. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa wa kwamfuta zafin tekuna kaɗai, ba tare da labarin kiwo ko sassabe ba, sai ga farin shekarun 1970 da 1980 ya fito a lissafin. Wasu nazarce-nazarcen suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Atlantika, ya tura hadari kudu. A ganina wannan shi ne babban abin da binciken ya haifar, kuma shi ne wanda ya fi ƙarancin isa kunnen mutanen da aka yi shekaru ana ɗora wa laifi. Har gobe za ka ji jami'i a taron dashen itace yana magana kamar a 1977 muke.

Inda ruwa da lafiya suka haɗa hannu an ga nasara. Binciken ƙasa baki ɗaya na 1988 ya ƙirga masu kurkunu sama da dubu 650 a Najeriya. Ciwo ne da ke kwantar da manomi daidai lokacin noma. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwan kududdufi, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan sha aka kashe shi, da taimakon Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida a 2013.

Sanƙarau ya fi ɗaci. A bazarar 1996 ya kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ya kashe fiye da dubu 11. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200, 11 daga ciki suka rasu. An yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, kuma ya sa kalmar bincike ta yi nauyi a kunnen iyaye. Duk da haka rigakafin MenAfriVac da ya iso Najeriya a 2011 ya kusa shafe nau'in da ya yi ɓarnar 1996, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar.

Ruwan sama ya dawo tun shekarun 1990, amma da wani hali. Nazarin da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017, daga hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Manomi ya riga ya san haka: ruwa ya makara, ya yi shuka, a ɗauke kwana goma sha, sannan a dare ɗaya a yi wanda zai rushe katangar ƙasa, ya cika masai, ya kwarara cikin rijiyar da ba ta da murfi. Kwalarar 2021 ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar, ta kashe fiye da 3,000, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ambaliyar 2022 ta ci rai sama da 600.

Manufofi sun biyo baya a jere: shirin katangar bishiyoyi na Tarayyar Afirka a 2007, Cibiyar Noman Busassun Ƙasa ta Jami'ar Bayero a 2012, dokar sauyin yanayi ta 2021, da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma wanda ya fi taɓa gidan talaka bai kai waɗannan suna ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a tsawon damina, aka fara gwadawa a Katsina a 2013, yanzu ma'aikata na bin gida-gida da shi a Kano. Kalandar damina ce ke tsara ranar rabon.

Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa, tare da gargaɗi kan zazzaɓi da sanƙarau. Amma ruwan Sahel ba ya sauka bai ɗaya. Ana iya sheƙa shi a 'Yankamaye, Gurun ko ɗigo ba ta samu ba. Ma'aunin ruwa ba shi da tsada, malamin firamare zai iya karanta shi kowace safiya, kuma kowane ɗakin shan magani na da rajistar masu zazzaɓi da gudawa. A ajiye ma'auni ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 10 na Tsanyawa, a riƙa haɗa lissafinsa da na rajistar a sakatariya duk ƙarshen wata, a karanta wa dagatai da masu unguwanni sakamakon da Hausa kafin a aika shi Kano.