Baka, Ƙugiya da Ɗamara: Sunayen Farin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa tsaga ƙwaƙwalwar rago ya ga launi biyu: bayanta ruwan toka, cikinta fari sol. Ta ɗan Adam ma haka take. Masana ilimin jiki suka ɗauki launin suka mai da shi suna, suka ce "farin abu". A ganina sunan nan ya tauye wa farin haƙƙinsa. Wanda ya ji "abu" sai ya zaci ciko ne, alhali kuwa zare ne bila adadin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Farin da ake gani na wani maiƙo ne da ya naɗe kowane zare, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Rudolf Virchow na Jamus ne ya raɗa masa suna mayelin a 1854, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓargo.

Mu a Hausa kalmarmu jijiya ce, kuma kayanta sun yi mata yawa: ta jini jijiya, ta agara jijiya, mai ɗaukar saƙo ma jijiya. Ba mu kaɗai ba ne, domin kalmar da Girkawa suka bar wa likitoci, niyuron, asalinta jijiya irin ta agara take nufi. Amma idan likita ya ce wa dangi "aikin zai iya taɓa jijiya", hankalinsu kan tafi ga zubar jini, shi kuwa magana ko gani yake ji wa tsoro. Wannan giɓin ba ƙarami ba ne a wurin da ake neman mutum ya sa hannu a takardar amincewa.

Sunayen Latin na waɗannan zaruruwa suna da kwarjini a kunne, amma idan aka fassara su, siffa ce kawai. Fasikulus ƙaramin dami ne. Arkuwatus mai lanƙwasar baka, unsinatus mai ƙugiya, singulum ɗamara. Gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu kuwa, kofus kalosum, ma'anarta "jiki mai tauri". Masana ilimin jiki irin su Reil da Burdach, a farkon ƙarni na 19, sun faɗi abin da idonsu ya gani ne a ƙwaƙwalwar gawa, kuma sun kyauta. Sai dai siffa ba ta gaya wa mai fiɗa abin da zai rasa idan ya yanke. Damin nan mai kama da baka, a ɓarin hagu na yawancin mutane, shi ke haɗa sashen fahimtar magana da na furta ta. In ya tsinke, mutum zai gane abin da aka faɗa masa, zai yi magana, amma a ce ya maimaita jimla sai ya yi ta tuntuɓe. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a cikin sunan.

Wani damin kuma sunan mutum yake ɗauke da shi. Zaren gani, a hanyarsa ta zuwa ƙeya, yakan yi kwana ya leƙa gaba cikin sashen da ke daura da kunne kafin ya juya baya. Ana ce masa kwanar Meyer, saboda Adolf Meyer da ya bayyana ta a 1907. A wurin nan ne ake yawan yin aikin farfaɗiyar da ta gagari magani. Idan wuƙa ta ci kwanar a dama, mara lafiya zai tashi ya rasa kwata ɗaya na ganinsa, sama ta hagu, a idanu biyun. Nisan kwanar daga bakin sashen ya bambanta daga mutum zuwa mutum, saboda haka littafi kaɗai ba ya isa.

Shi ya sa masu fiɗa suka koma wa hanyar Josef Klingler na Basel, wanda a 1935 ya nuna cewa idan aka jiƙa ƙwaƙwalwa a fomalin, aka daskarar da ita, aka narkar, ƙanƙara kan buɗa tsakanin zaruruwan, har a iya ɓare su dami-dami da ɗan katako. Tun daga shekarun 1990 kuma na'urar MRI kan bi yadda ruwa ke gudu a tsawon zare, ta zana hanyoyin a kan mai rai kafin a buɗe kansa.

Duk da haka hukuncin ƙarshe a ɗakin tiyata ake yanke shi. A aikin cire tsiro da ake yi mutum yana farke, irin wanda Hugues Duffau ya shahara da shi a Montpellier ta Faransa, ana nuna wa mara lafiya hotuna yana faɗin sunayensu, likita kuma yana taɓa farin da ɗan ƙaramin lantarki. Idan an taɓa damin baka, sautukan kalma sukan hargitse a bakinsa. Idan an taɓa wani dami da ke can ƙasa, sai a nuna masa kare ya ce kyanwa. Nan take likita zai ajiye 'yar takarda mai lamba a wurin, ya san iyakar yankansa ke nan, ko da akwai sauran tsiro a gaba.