Ƙungiyar Makaɗa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Yadda Ake Tasowa a Fage

Ƙasar Tambuwal da Kebbe, wadda ta mamaye kusurwar kudu ta Jihar Sakkwato, tana zaune ne a tsakiyar wuraren da suka fitar da manyan makaɗan baka na ƙasar Hausa, domin daga arewa akwai birnin Sakkwato da fadar Sarkin Musulmi, daga yamma akwai Argungu da Gwandu da Jega, daga gabas kuma akwai Gummi da Talata Mafara da Bakura da Maradun, sannan babbar hanyar da ta ratsa Tambuwal ita ce ke gangarawa har Yawuri. Wannan matsayi ya sa kunnen mutanen yankin ya daɗe da sabawa da kiɗa iri-iri, kuma mai sauraren da ya ji na gabas ya ji na yamma ba ya ruɗuwa da ƙaramin gwani. Tarihin kiɗa a nan tarihin ƙungiya ne, wato taron mutanen da suka haɗa kai a ƙarƙashin jagora guda suna kiɗa da waƙa a gaban jama'a, kuma ba a taɓa sanin wata ƙungiya ta yi suna ba sai ta hanyar tsayawa a fage, inda masu kallo ke yanke mata hukunci nan take.

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a shekarar 1804, ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna a Tambuwal, garin ya zama ribaɗi, wato sansanin da ake kafawa a bakin iyaka domin tsaro, yana fuskantar Kabawa waɗanda suka yi ta yaƙi da Daular Usmaniyya har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Malaman jihadi ba su yi wa kiɗa kallon sakaci ba. Shehu ya soki kaɗe-kaɗen fadojin sarakunan Haɓe da roƙon da ke tattare da su, ya kuma ƙyamaci cuɗanyar maza da mata a wajen wasa, amma an bar ƙofa ga gangar da ake tara mayaƙa ko sanar da jama'a da ita. Duk da haka kiɗa bai mutu ba, saboda yana manne da sana'a: manomi yana da gangarsa, mahauci, wanda Sakkwatawa ke kira barunje, yana da kalangunsa, maƙeri da mafarauci kowa da nasa kiɗan, kuma ba a daɗe ba fadojin jikokin masu jihadin kansu suka cika da makaɗan taushi da kotso.

Tsarin ƙungiyar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne asirin wannan sana'a yake. A gaba akwai jagora, wanda ke ƙaga waƙa yana kuma bayar da ita, kuma da sunansa ake kiran ƙungiyar baki ɗaya. A bayansa akwai 'yan amshi, waɗanda a karin harshen Sakkwato ake ce wa 'yan karɓi, kuma galibi su ne ke riƙe da kayan kiɗan. Kowace waƙa tana da gindi, wato 'yan layukan da ake komawa gare su a kai a kai, tana kuma da ɗiya, wato baitocin da jagora ke jerawa tsakanin gindi da gindi. A kiɗan fada aikin 'yan karɓi ya wuce maimaita gindi, domin jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su kuma su cafe su ƙarasa ta da murya ɗaya ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba, abin da ba ya yiwuwa sai ga mutanen da suka shekara suna kwana tare, suna tafiya tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. Akwai kuma ɗan ma'abba ko sanƙira, wanda ba ya waƙa amma yana kutsa kirari a tsakanin ɗiya, yana fassara abin da jagora ya dunƙule, yana kuma shelanta kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa, domin wanda ke gefe ya ji kunya shi ma ya sa hannu a aljihu. Masu nazari sukan ɗora yabo duka a kan jagora, alhali kuwa waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo da za a cire mata 'yan karɓi, rabinta ne kawai zai rage.

Matakin farko na ƙungiya mai tasowa shi ne gona. Gayya, wato aikin taimakon juna da samarin gari ke taruwa su yi a gonar mutum ɗaya, ba ta cika sai da makaɗan noma, waɗanda ke bin bayan manoma kunya-kunya da gangunansu a rataye, suna kaɗa wa kowane saurayi takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da aka keɓe masa wanda da ya ji shi ya san da shi ake. A irin wannan fage babu abin ɓoyewa, domin idan kiɗan ya yi armashi za a ga ƙura ta tashi, galma tana sauka tare da bugun ganga, wanda aka ambata ya bar sa'o'insa a baya, idan kuma bai yi ba samari za su miƙe su nufi inda aka ajiye ƙwaryar fura. Ladan makaɗi yakan jira kaka, lokacin da zai bi gidajen waɗanda ya wasa yana karɓar damman gero da dawa. Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura ya kuma rasu a 1991, daga kiɗan noma na gidansu ya fito, ya yi karɓi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda da yayansa Abdu Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Ibrahim Narambaɗa na Tubali shi ma ya taɓa kiɗan noma kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Manyan da ake ji da su a yau, ashe, a bakin kunya aka fara gwada muryarsu.

Idan an kawar da amfanin gona sai yawon kiɗa ya buɗe, ƙungiyoyi su bi ranakun kasuwa da bukukuwan aure da naɗin sarauta, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi, su tsallaka Gulbin Zamfara su faɗa ƙasar Gummi ko ta Jega. Fagen dambe da na kokawa su ne mafi zafin jarrabawa. Da la'asar sakaliya jama'a kan yi da'ira, makaɗa su zauna a gefe guda da kalangai a hammata, mai kiɗa yana matsa tsarkiya yana sassautawa har fatar ta furta sunan ɗan damben da ake kira, shi kuwa ya taso da hannunsa ɗaure da zare, jikinsa yana tsuma, ya durƙusa gaban makaɗa ya yi kirari kafin ya shiga turmi, wato zagaye guda na karawa. Dole jagora ya bi abin da ke faruwa da ido, domin idan aka yi kisa, wato aka kai abokin karawa ƙasa, ana son a ji shi cikin waƙa kafin wanda ya faɗi ya karkaɗe jikinsa. Da irin wannan saurin ƙaga magana ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya ɗaukaka sunan ɗan damben nan Shago har ya wuce fagen dambe ya shiga bakin kowa. A maƙwabtan Tambuwal ta kudu kuma, a Fagada ta ƙasar Maiyama, aka yi Muhammadu Gambo, wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin ya bar ta a ƙarshen rayuwarsa, abin da ke nuna cewa fagen talakawa ya ɗauki har abin da fada ba za ta taɓa yarda da shi ba.

Ƙololuwar sana'ar ita ce samun ubangida a fada. Makaɗin da sarki ko hakimi ya karɓa yakan sami gida da abinci da sutura, wani lokaci da doki, daga baya har da mota da kujerar Makka, shi kuma ya riƙa zuwa gaisuwa da kiɗa a daren Juma'a da ranakun salla, yana yabon ubangidansa da asalinsa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo, wato muzantawa a fili, ko habaici, wato suka a kaikaice. Kayan kiɗan fada a wannan yanki su ne taushi, ƙaramar ganga mai fuska ɗaya da ake bugawa da yatsu, da kotso, mai siffar kalangu amma buɗaɗɗen gindi. Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III, Aliyu Ɗandawo ya tashi daga Shuni ya yi zama a Argungu sannan ya ƙare a Yawuri, Sa'idu Faru kuma ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Fada ta ba waɗannan mutane kwanciyar hankalin tace waƙa, amma ta ɗaure harshensu ga mutum ɗaya, kuma wannan farashi ne da ba kowane makaɗi ya yarda ya biya ba.

Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950 ta buɗe sabon fage, inda NPC da NEPU suka riƙa neman mawaƙa, Ɗanƙwairo ma ya zama na kusa da Sardauna Ahmadu Bello. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rediyon Rima na Sakkwato, da kaset ɗin da ya cika kasuwanni daga baya, sun kai muryar makaɗi garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Sai dai har a lokacin abin da ake ɗauka shi ne ƙungiya cikakkiya tana wasa kamar yadda take yi a gaban jama'a.

Babban sauyi ya zo ne da finafinan Hausa na shekarun 1990 da fiyano da situdiyo. Yanzu saurayi ɗaya yana iya shiga ɗaki a Sakkwato ko Kano, na'ura ta yi masa kiɗa, ta gyara masa murya, ta ninka ta har ta zama amshi, ya fito da waƙa ta bazu a wayoyi ba tare da ya taɓa fuskantar taro ba, kuma a gidan biki sau da yawa lasifika ce ke waƙar, mawaƙin yana motsa baki. An sami masu hikima a wannan zamani, ba a musun haka, amma an yi asarar makarantar da ke horar da ɗan karɓi shekara goma kafin ya zama jagora. Kayan zamani ba su ne masu laifi ba, domin a Yamai ƙungiyar Tal National, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar, ta yi suna ne da jita da ganguna ta hanyar wasa a gaban jama'a dare bayan dare, kafin faifanta mai suna Kaani ya fita a kasuwannin Turai a 2013. Abin da ya ragu a kudancin Sakkwato shi ne fagen kansa: noman ƙwadago ya ci ƙarfin gayya, matakan shari'a na shekarar 2000 sun sa an ƙara taka-tsantsan da wasannin dare, hare-haren 'yan bindiga kuma, waɗanda ƙauyukan Kebbe suka ɗanɗana, sun sa tafiyar dare daga kasuwa zuwa kasuwa ta zama kasada.

Har yanzu akwai tsofaffin 'yan karɓi da makaɗan noma da na dambe a garuruwan Tambuwal da Kebbe, waɗanda ke riƙe da take da kirarin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ya kamata Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu su tura masu nazari su ɗauki wasansu da murya da hoto a cikin fage, ƙananan hukumomin biyu kuma su ware rana bayan kaka da ƙungiyoyin matasa za su yi wasa da rana tsaka a gaban jama'a, da mawaƙi da makaɗansa da 'yan karɓinsa.